Mahayin Keke da Haɗarin Hanya a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi: Jinya, Diyya da Komawa Kan Sirdi

1. Keke a Ƙasar Dutsin-Ma

Garin Dutsin-Ma yana wajen kilomita 60 kudu da birnin Katsina, Kurfi kuwa tana bisa hanya tsakanin garuruwan biyu. Hakimin Dutsin-Ma shi ne 'Yandakan Katsina, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina. Mutanen waɗannan ƙasashe galibinsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, ƙauyukansu kuwa a warwatse su ke, saboda haka abin hawa ya zama musu tilas. A da jaki da doki ke wannan aiki. Da keke ya shigo sai ya karɓi rabin aikin jaki, ya kuma karɓi rabin darajar doki, har a kan yi masa kirari da dokin ƙarfe. Sunansa biyu ne a bakin Hausawa: basukur, wanda aka aro daga Turanci, da keke, wanda Yarbawa ma haka su ke faɗi. Na biyun shi ya fi yaɗuwa, shi ne kuma a ke ji a cikin keken ɗinki da keken rubutu.

A zamanin En'e keke dukiya ne wanda a ke lissafawa cikin gado. Malamin makaranta da malamin asibiti da masinjan hakimi, kowa burinsa ya mallaki Raleigh, kuma sai an yanke masa lasin kana a hau shi da kwanciyar rai. Daga baya kekunan ƙasar Sin irin su Phoenix suka shigo da araha, sa'an nan babur ya zo ya ture keke gefe, har aka mai da shi abin hawan yara da marasa ƙarfi. Amma tun daga ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya hau ƙwarai, mutane da yawa suka kakkaɓe kekunansu suka koma kansu.

Hanyar kuwa ta sake kama tun bayan da suka bar ta. An gama madatsar ruwa ta Zobe a 1983, ana noman rani a kewayenta. An kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita. Titin da ya taso daga Katsina ya ratsa Kurfi ya bi ta Dutsin-Ma zuwa Ƙanƙara ya cika da motocin haya da manyan lori masu ɗaukar hatsi da dabbobi, balle ranar kasuwa. Mai keke shi ke can bakin kwalta, babu ƙarfen da ya kewaye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 suka mutu a haɗarin hanya a shekarar 2021, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen in an gwada da yawan jama'arta. Abin bai bar manya ba: a 2001 wata motar bas ta ture Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, cikin kwata a Abuja, yana bisa keke yana nuna wa jama'a amfaninsa.

To, wanda Allah ya kuɓutar da ransa daga irin wannan, abubuwa uku ke gabansa: yadda zai warke, da wanda zai biya ɓarnar da aka yi masa, da yadda zai sake hawa abin da ya kusa zama ajalinsa alhali kuwa da shi ya ke ci da iyalinsa.

2. Sa'ar Haɗari da Jinya

Abin da ya fi kome a sa'ar farko shi ne rai. Wanda mota ta buge, in yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, bai kamata a ciccibe shi a aza bisa babur ba, gama in ƙashin baya ya tsage, motsi kaɗan ya isa ya shanye rabin jiki har abada. A kwantar da shi bisa abu mai faɗi, a tallafe kansa, a danne wurin da ke zubar jini da ƙyalle mai tsabta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kiran gaggawa, watau 122. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ya ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, saboda haka rashin takardar 'yan sanda ba hujja ba ce ta mai da majinyaci gida.

Raunukan da suka fi samun mai keke sanannu ne. In ya faɗi ya kan tokare ƙasa da hannu, sai wuyan hannu ya karye, ko ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji. In gaban mota ya same shi, ƙwauri ne ke karyewa. Ƙashin kafaɗa na babban mutum ya kan haɗe cikin mako 6 zuwa 12, na ƙwauri kuwa ya kan kai wata 3 zuwa 6. Mafi mugun rauni shi ne na kai, domin ya kan ɓuya. Mutum ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce ba kome, alhali jini na taruwa cikin ƙoƙon kansa. In aka ga amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewar magana, ko ciwon kai mai ƙaruwa, lalle a koma asibiti ko da tsakar dare ne. Ƙujewar da ƙasa ta shiga kuma tana bukatar wanki da allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora.

Mutanen karkara da yawa wurin maɗori su ke fara zuwa, domin yana kusa, kuɗinsa kaɗan ne, kuma sana'a ce ta gado wadda aka yarda da ita. Akwai karayar da ɗorin gargajiya ke gyarawa. Amma in ƙashi ya huda fata, ko karayar ta shiga cikin gaɓa, ko aka tamke karan ɗori har jini ya daina gudana, ƙafa ta kan ruɓe, ƙarshenta a yanke ta. Irin waɗannan sai a fara da babban asibitin Dutsin-Ma, in abin ya fi ƙarfinsa a wuce Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959. Akwai kuma wani dalili na shari'a: maɗori ba ya ba da takarda, kotu da kamfanin inshora kuwa rahoton likita da hoton ƙashi su ke nema.

Tun a wurin haɗari ya kamata wani ɗan'uwa ya rubuta lambar motar da sunan direba da tashar da ya ke lodi, ya ɗauki hoton wurin da waya kafin a janye motar, ya kuma riƙe sunayen mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu. A kai rahoto ofishin 'yan sanda domin a auna wurin a zana shi. Kada a gyara keken tukuna, gama lanƙwasar ƙafar baya ita kaɗai ta isa ta nuna cewa ta baya aka buge shi. Kowane rasit na magani da na mota a adana shi.

3. Ƙaddara, Yafewa da Sulhu

Kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a wannan babi suna nuna yadda ya ɗauki al'amarin. Haɗari, ko hatsari, da ƙaddara da diyya duk daga Larabci aka aro su. Ramuwa da biyan ɓarna kuwa na gida ne, amma an fi faɗinsu ga dukiya, kamar gonar da shanu suka ci. In aka zo ga jiki da jini, abin da a ke fara ji a bakin wanda aka buge shi ne, ƙaddara ce, na yafe. Mutane da yawa suna ganin karɓar kuɗi saboda rauni abin kunya ne, kamar mutum ya sayar da jininsa, ko ya yi jayayya da hukuncin Allah.

Yafewa hali ne na kirki, addini kuma ya yaba shi. Amma malamai ba su taɓa ɗaukar karɓar diyya rashin tawakkali ba, gama Alƙur'ani da kansa, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, ya wajabta diyya a kisan kuskure, ya bar yafewa ga zaɓin magada. Abin da ke ɓata yafewar bakin titi shi ne gaggawa. Mutum yana kwance cikin jini, jama'a sun kewaye shi, direba na rantsuwa yana ba da haƙuri, sai ya yafe tun bai san ko zai sake taka ƙafarsa ba. Bayan wata uku an sayar da akuya, an jinginar da gona, damina ta wuce ba a yi noma ba, direba kuwa ya daɗe da mantawa. Haka kuma babba ba shi da ikon yafe haƙƙin yaro ƙarami ko na maraya don neman yabo.

Hanyar da aka fi bi ita ce sulhu. Dangin direba, ko mai motar, ko shugabannin ƙungiyar direbobi ta tasha, su kan zo gaisuwa asibiti, su ɗauki kuɗin magani, su gyara keke ko su sayi wani. In an sami saɓani a je gaban mai unguwa ko dagaci, in ya faskara a kai wa hakimi. Amfanin wannan hanya a fili ya ke: tana da sauri, ba ta cin kuɗin lauya, ba ta kuma raba zumunci tsakanin mutanen da gobe za su haɗu a kasuwa ɗaya. Aibinta shi ne ta kan tsaya ga kuɗin magani na makon farko, ta manta da kwanakin da mutum ya yi ba ya aiki, da nakasar da za ta bi shi har tsufa. Sulhun da zai ɗore shi ne wanda aka rubuta, aka sa shaidu, aka kuma ambata a ciki cewa ba a rufe magana ba sai likita ya sallami majinyaci.

4. Hukuncin Rauni a Mazhabar Malikiyya

Littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka gada, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Muhtasar na Halil, ba su san mota ba, amma sun san doki da raƙumi. Ƙa'idarsu ita ce mahayin dabba, da mai janta, da mai kora ta, kowannensu yana lamunin abin da ta taka. An kuma yi bayanin mahaya biyu da suka yi karo suka mutu: diyyar kowane tana kan dangin ɗayan, kuɗin dokinsa kuwa cikin dukiyar ɗayan. A kan wannan tushe Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunai a 1993, ta yanke cewa haɗarin mota yana ƙarƙashin hukuncin laifin jini, galibinsa kuskure ne, direba kuma yana lamunin abin da ya ɓata sai fa in abin ya auku ta dalilin da ya fi ƙarfinsa, ko ta laifin wanda aka buge, ko na wani dabam. In laifin na su biyu ne, kowa ya ɗauki rabonsa.

Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Daga cikinta a ke yanka rabon gaɓoɓi. Hannu ɗaya rabin diyya ne, haka ƙafa ɗaya. Yatsa ɗaya raƙuma 10, haƙori ɗaya raƙuma 5. Raunin kai ko fuska da ya bayyana ƙashi, wanda a ke kira muliha, raƙuma 5 ne. Wanda ya farfasa ƙashin har ya gusa, watau munaƙƙila, raƙuma 15. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, da wanda ya huda ciki, kowanne sulusin diyya ne. Sauran raunuka ba su da adadi yankakke, sai abin da alƙali ya ƙiyasta gwargwadon nakasar da ta rage, shi a ke kira hukuma.

Akwai ƙa'idodi uku da suka shafi mai keke ƙwarai. Ta farko, ba a yanke kuɗin rauni sai ya warke, domin sai a lokacin a ke sanin abin da ya bari. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa rufe magana a bakin titi saɓanin tsarin malamai ne. Ta biyu, karayar kuskure in ta warke sumul ba tare da aibi ba, babu wani adadi a kanta. Ganin nauyin wannan ga talaka ya sa Ibn Arafa, malamin Tunis wanda ya rasu a 1401, ya zaɓi cewa wanda ya yi raunin shi zai biya ladan likita da kuɗin magani a raunin da ba shi da adadi yankakke. Ta uku, diyyar kuskure in ta kai sulusi ko ta fi, aƙila ke biya, watau dangin mai laifi ta wajen uba, kuma a kan rarraba cikakkiyar diyya cikin shekara uku. In ba ta kai sulusi ba, daga dukiyarsa shi kaɗai za a cire.

A misalta da wani mutum daga ƙauyukan Kurfi, ya ɗauko kaya a bayan keke, mota ta buge shi ta baya, haƙoransa biyu suka zube, ƙwaurinsa ya karye ya kuma warke daidai, keken ya lalace. Haƙora biyu dinari 100 ke nan, watau ushirin cikakkiyar diyya. Da ya ke a kan ƙiyasta dinari ɗaya da giram 4.25, abin ya kama giram 425 na zinariya, kuma tun da bai kai sulusi ba, direba ne zai biya daga aljihunsa. Ƙafar ba ta da adadi, sai kuɗin jinya. Keken kuwa a biya ƙimarsa ta ranar da aka lalata shi. Kowa ya san direban haya ba ya da zinariya giram 425, dangi kuma ba su haɗuwa su biya kamar yadda kabilun Larabawa ke yi a da. Saboda wannan giɓi ne majalisar nan ta fiƙihu, a zamanta na Dubai a 2005, ta yarda cewa inshorar taimakon juna, da ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya, da asusun ma'aikata, suna iya tsayawa a matsayin aƙila. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙira a 1987, ta kafa kotunan shari'ar Musulunci a shekarar 2000, a gabansu ne Musulmi kan kai irin wannan ƙara in sun zaɓa.

5. Dokar Ƙasa da Inshora

Hanya ta uku ita ce ta dokar da aka gada daga Ingila. Direban da ya yi tuƙin ganganci, hukuma ce ke gurfanar da shi, tarar da aka ci shi kuwa baitulmali ta ke shiga, ba aljihun majinyaci ba. Ko da ya ke haka ne, tun Dokar Finalkod ta Jihar Arewa ta 1959, wadda ta fara aiki a 1960, an ba alƙali ikon ya umurci wanda aka kama da laifi ya biya wanda ya cuta, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015 ma ta ƙarfafa wannan. Amma cikakken biya sai ta ƙarar neman haƙƙi, inda mai ƙara zai tabbatar da abu uku: cewa wajibi ne direba ya kula da shi, cewa ya yi sakaci, cewa kuma sakacin ne ya jawo raunin.

Kotu ta kan kasa biyan gida biyu. Akwai asarar da a ke iya lissafawa, kamar kuɗin asibiti da na keke da na kayan da suka zube da ribar kwanakin da ba a fita ba. Wannan sai an jera ta ɗaya bayan ɗaya an kuma kawo shaida, abin da ba a kawo wa shaida ba ya faɗi. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa da kansa, watau zafin ciwo da nakasa da raguwar ƙarfin neman abinci nan gaba. A nan dokar ta bambanta da tsarin Malikiyya, gama tana biyan wahalar karaya ko da ta warke sumul. In mai keke ma yana da laifi, ba a korar ƙararsa, sai a rage masa gwargwadon laifinsa. Misali, in an ƙiyasta asararsa naira 1,000,000, aka kuma ga rubu'in laifin nasa ne domin yana tafe da dare ba fitila, naira 750,000 zai karɓa. Ƙara kuma tana da wa'adi. In motar hukuma ce, dokar kare ma'aikatan gwamnati wata uku kacal ta bayar, jinya kuwa ta kan cinye wata uku mutum bai ankara ba.

Domin kada hukunci ya zama takarda kawai aka kafa inshorar dole. Dokar farko an yi ta a 1945, ta fara aiki a 1950, ta hana a hau titi da mota sai da inshorar da za ta biya wanda aka kashe ko aka raunata. Dokar Inshora ta 2003 ta ƙara da ɓarnar dukiya, ta kuma tanadi asusu domin waɗanda direban da ba shi da inshora, ko wanda ya gudu ba a gane shi ba, ya kashe ko ya nakasa. Daga 1 ga Janairu 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora na ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kai iyakar biyan ɓarnar dukiya naira miliyan 3, rai da rauni kuwa ba a yanka musu iyaka ba. 'Yan sanda suka fara tsananta binciken takardar daga 1 ga Fabrairu 2025, a watan Agusta na wannan shekara kuma aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta tattara tsofaffin dokokin inshora wuri ɗaya, ta bar wannan wajibi yadda ya ke.

Wahalar da ke nan ita ce takardun jabu, waɗanda a ke saye a bakin ofishin lasin don a nuna a shingen hanya kawai. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai inda a ke duba lambar mota ta waya a gane ko takardar ta gaskiya ce. In ta gaskiya ce, a sanar da kamfanin a rubuce tun da wuri, a haɗa da rahoton 'yan sanda da na likita da rasit. Masu ƙyamar inshora saboda addini suna da takaful, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idodinsa a 2013. Wanda ba shi da kuɗin lauya kuma, Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana karɓar ƙarar haɗari ta marasa ƙarfi.

6. Komawa Kan Sirdi

Ma'aikaci mai albashi yana iya jingine keke har ya ga dama. Mai kai madara ko itace ko kayan koli kasuwa ba shi da wannan zaɓi, shi ya sa ya kan koma tun ƙashi bai ƙosa ba, ya sake karya shi a wuri ɗaya. Ma'aunin komawa shi ne likita ya ga hoton ƙashi ya ce ya haɗe, hannu ya iya matse birki da ƙarfi ba zafi, wuya ya iya waiwaye, ƙafa kuma ta iya ɗaukar nauyin jiki ita kaɗai in an tsaya. Wanda ya bugu a kai kada ya hau muddin yana jin jiri ko ganinsa na rarrabuwa. Gaɓar da ta daɗe a ɗaure ta kan sandare, naman wurin ya rame, sai an bi ta da motsa jiki kullum kafin ƙarfinta ya komo.

Keken ma sai an duba shi. Ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da ƙafar gaba, in ya lanƙwashe aka miƙe shi da guduma, ya riga ya yi rauni, wata rana zai karye a gangara ba sallama, gara a sake shi. A duba gangar jikin keken wajen mahaɗai ko akwai tsaga, a juya ƙafafun a ga ko suna rawa, a gwada birki na gaba da na baya, a ɗaure kan keke da sirdi da feda.

Saura tsoro, wanda ya fi ƙashi wuyar ɗori. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutum ya kan ji ƙarar lori a bayansa jikinsa ya ɗauki ɓari, ko ya riƙa mafarkin abin, ko ya kasa bi ta wurin da aka buge shi. Wannan ba ragwanci ba ne, likitoci sun san shi, kuma ga yawancin mutane ya kan ragu cikin 'yan makonni. Maganinsa a koma da kaɗan kaɗan: a fara a filin makaranta ko hanyar gona, sa'an nan cikin unguwa da sassafe, sa'an nan bisa titi tare da abokin tafiya a ranar da ba ta kasuwa ba, kana daga baya a ɗora kaya. Sannu ba ta hana zuwa. In an wuce wata guda abin na ƙaruwa, har ya hana barci ko fita, ya kamata a gaya wa likita, a kuma sa shi cikin rahoto, domin kotu tana lissafa shi cikin asara.

Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, saboda haka wurin mai keke shi ne gefen dama, yana bin inda motoci suka nufa. Masu bin hagu don su riƙa ganin motar da ke zuwa suna ƙara wa kansu haɗari, suna kuma rage wa kansu diyya. Lokacin da ya fi muni shi ne tsakanin la'asar sakaliya da isha'i, sa'ad da a ke tashi daga kasuwa, da kwanakin hunturu in hazo ya sauka. Fitila a gaba, da jan abu mai ƙyalli a baya, da riga mai haske, su ke sa direba ya hango mutum tun da nisa. Hular kwano tana kare kai. Kada a kama jikin lori don ta ja mutum a hawa, kada a tsaya a gefenta wajen kwana inda direba ba ya gani, kada kuma a ɗaura kara ko buhu a gicciye har ya fi kan keke faɗi. Kafin a karya kwana a miƙa hannu, a kuma waiwaya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 3 ga Yuni ta zama ranar keke tun daga 2018, ƙasashe da dama kuma sun ware wa masu keke hanyarsu dabam. Kafin irin wannan ta iso tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, abin da ke hannun masu unguwa da limamai da shugabannin tasha shi ne su hana a rufe maganar rauni kafin a warke, su sa a rubuta kowane sulhu, su kuma tabbatar cewa motar da ke lodi a tasharsu tana da inshora ta gaskiya.